Maɓallin da Hannun Inna Bai Kai Ba

Laraba, da hantsi

Ba zan rubuta abin da ya faru jiya ba. Lukuti lafiyarsa ƙalau, wannan shi ne abin rubutawa. Na shafa kansa, na duba bayansa, na murza ƙafafuwansa, Abbansa ma ya kai shi an duba, aka ce ko ƙwarzane babu. Yanzu haka yana kwance yana tsotsar babban yatsan ƙafarsa, kamar ba shi ne ya ɗauke mini numfashi ba.

Majanyi ne dai ya kwance, shi ke nan. Na dawo daga kantin maganin da nake aiki, ina cire takalmi a bakin ƙofa, Inna tana tsaye a gefen gado da shi a bayanta tana jijjiga shi, sai na ga ƙullin ya saki, zanin ya bi shi. Allah ya sa katifa ce a bayanta. Ga shi nan na rubuta, bayan na ce ba zan rubuta ba.

Inna ta ce yadin ne mai santsi. Na ce haka ne. Tun da aka haifi yaron nan take gidanmu, ita ke riƙe mini shi in na tafi aiki, kuma da wannan majanyin take goya shi kullum. Bai taɓa santsi ba sai jiya.

Laraba, da yamma

Inna ta miƙo hannu in ba ta shi, na ce nono zai sha. Bai daɗe da sha ba, kuma ta sani.

Alhamis, bayan azahar

Na kira mai kanti na ce yaro ba ya jin daɗi, ya ba ni kwana biyu. Ƙarya na yi, zama na yi ina gadin uwata.

Da na sa ido sai na ga abin da ya kamata in gani tun tuni. Kofin shayi da dama take ɗauka, wannan ba sabo ba ne. Amma da za ta matse tsummar goge tebur, sai ta danna ta a gefen bokiti da hannu ɗaya. Hagun tana nan, tana motsi, sai dai ba ta damƙa. Ƙulli kuwa hannu biyu yake so, ɗaya ya riƙe ɗaya ya ja. In ɗayan yana bin ɗan'uwansa ne kawai, ƙullin zai yi kyau a ido, amma ba zai riƙe yaro mai nauyin Lukuti ba.

Ni da nake wuni ina faɗa wa mutane su je su ga likita kafin su sha magani, a gidana ban ga komai ba. Abban Lukuti ya ce mu kai ta asibiti gobe. Na ce bai san Inna ba ne, in ka ce mata asibiti sai ta tambaye ka wa ya mutu. Ya ce to ai ni 'yarta ce, in zauna in gaya mata abin da na gani. Na ce zan yi. Ya dube ni, ya ci gaba da goge takalminsa.

Asabar, da la'asar

Na je shagon kayan jarirai da ke bayan tashar mota, na bar Lukuti wurin Abbansa, na ja masa kunne kada ya fita ko nan da ƙofar gida. Mai shagon wata mata ce mai surutu, tana da 'yar tsana ƙatuwa da take gwada kaya a kanta. Iri uku ta ciro mini.

Na farko dogon ƙyalle ne mai miƙewa, ana naɗa shi a ciki, a ɗaga ta kafaɗu, a sake kewayowa a ƙulle. Kafin ta gama naɗa shi ni har na gaji da kallo. Ita da kanta ta ce wannan na jariri sabon haihuwa ne, ɗan wata biyar mai jiki zai riƙa zazzagowa. Na ture shi gefe.

Na biyu ƙyalle ne mai kauri da zobba biyu na ƙarfe a bakinsa. Ana rataya shi a kafaɗa ɗaya, a zaunar da yaro a ƙugu, sai a ja jelar ƙyallen ta cikin zobban. Nauyin yaron ne ke ƙara matse shi, babu ƙulli ko ɗaya. Ta nuna mini da hannu ɗaya, ɗayan tana riƙe da wayarta tana amsa kira. Ta ce tsofaffi sun fi son wannan, akwai wata mai ciwon kafaɗa da ta sayi biyu.

Na uku jaka ce ta gaba, mai ɗamara a ƙugu da hannaye biyu kamar jakar makaranta. Ana sa yaro a ƙirji, sannan a kai hannu biyu baya, tsakanin kafaɗu, a tura wani maɓallin roba cikin ɗan'uwansa har ya ce ƙas. In ba a haɗa na bayan nan ba, hannayen za su zame. Na gwada, ni kaina sai da na yi ta lalube kafin na same shi.

Na tsaya ina juya mai zobban a hannuna. Launin toka ne, mai laushi, har na hango shi a kafaɗar Inna. Sai kuma na hango ta ita kaɗai a gida da shi, tana hawa matakalar nan tamu da yaro a ƙugu.

Jakar na saya. Mai shagon ta ce na iya zaɓe, ita ce ta fi ƙarfi a cikinsu.

Lahadi, da safe

Na kai wa Inna jakar a ɗaki, na ce tsaraba na yi mata ita da mijinta, sunan da take kiran Lukuti da shi ke nan da wasa. Ta juya ta, ta ja igiyoyin, ta tambaya ko jakin da za a ɗaura wa yana waje. Muka yi dariya har da Abban Lukuti. Na ji daɗin dariyar nan fiye da yadda ta cancanta.

Sai na ce ai yanzu an gano zani yana buɗa ƙafar yaro, gara a koma wannan. Ta ce mu biyar ta goya da zani, in nuna mata mai gwame a cikinmu. Na ce zamani ne ya canza. Ta ce to, a gwada mata zamanin.

Na ɗaura mata ɗamarar, na sa mata yaron a ƙirji, na ce ta kai hannu baya ta haɗa. Dama ta kai. Hagu ta tashi zuwa kafaɗa ta tsaya nan. Ta sake gwadawa, tana dariya tana cewa tsufa ya zo. A karo na uku ba ta yi dariya ba. Na zagaya na haɗa mata, na ce ba komai, ai duk lokacin da take so ni ko Abbansa za mu haɗa mata.

Ta ce, “In ba kwa nan fa?”

Na ce sai ya kwanta a tabarma, ai ya fara son wasa.

Zannuwan goyon da majanyan duk na tattara na ce wanki za a yi musu. Suna cikin akwatina a saman durowa.

Talata, da yamma

Na fara tafiya da shi aiki. Mai kanti ya ce ba damuwa muddin ba zai riƙa jawo kwalabe ba. Yana manne a ƙirjina ina miƙa wa mutane magani ta saman kansa, kowa ya shigo sai ya yi masa wasa. Wata tsohuwa ta tambaye ni ko ba ni da baya ne. Na ce ina da shi, hutu yake yi.

Zafi ne matsalar. Kafin azahar rigata ta jiƙe, shi ma ƙuraje sun fara fito masa a wuya. Ga ƙuguna kamar an sassara. Amma ina ganin fuskarsa, ina jin numfashinsa, kuma babu abin da zai kwance. Da wannan nake lallashin kaina duk lokacin da na tuna wadda na bari a gida.

Da muka dawo na tarar ta share ko'ina, har ƙarƙashin firji. Ta wanke kwanukan da na riga na wanke.

Alhamis, da safe

Ta tambaya ko wankin bai bushe ba. Na ce mai wankin ne bai kawo ba. Mu da ba mu taɓa kai wanki waje ba.

Jumma'a, da la'asar

Abban Lukuti ya sake yi mini maganar asibiti, har muka ɗan ɗaga murya. Ya ce na sayi jaka don kada in buɗe baki. Na ce in yana ganin abu ne mai sauƙi ka dubi wadda ta haife ka ka ce mata hannunta ya daina riƙe jariri, ya je ya gwada. Ya ce shi suruki ne, ba huruminsa ba ne, da uwarsa ce da tuni sun je sun dawo. Na ce ai kullum uwarsa ta fi. Wannan ba ta cikin maganar, na dai rasa abin jifa ne.

Zan gaya mata. Ina jiran ranar da take cikin walwala ne.

Litinin, da yamma

Yau ta haɗa mana shayi da muka dawo, ta zauna kusa da ni tana kallon ina kwance jakar. Ta ce ɗazu ta sauka bakin titi shan iska, ta ga wata yarinya da jariri a ƙugu cikin wani ƙyalle mai zobba. Ta tsayar da ita, yarinyar ta nuna mata yadda ake ja. Ta ce har ta gwada jan jelar, ta ji ba wuya. Yarinyar ta ce mata a shagon bayan tasha ta saya.

Ina ta fama da ɗamarar kamar ta maƙale, alhali ba ta maƙale ba.

Ta ce, “Auta, wancan da ake ja da hannu ɗaya, babu shi ne ranar da kika je?”

Na ce, “Sun ƙare, Inna.”

Ta ce, “To.”

Ta miƙe. Ta ɗauki kofunan ɗaya bayan ɗaya ta kai kicin. Da hannu ɗaya ta ce, da bakinta. Ke nan ta sani, ta kuma san na sani, ta buɗe mini ƙofa in shigo mu yi maganar, ni kuwa na ce sun ƙare. Kunya nake ji har cikin ƙashina.

Laraba, da hantsi

Ta kira Yaya, babban wanmu, ta ce ta yi kewar 'ya'yansa. Ranar Asabar zai zo ya ɗauke ta.

Asabar, bayan azahar

Sun tafi. Na ce ta ƙara ko sati ɗaya, ta ce ai yanzu na iya, kuma gida ba ya son mutum biyu suna shara. Cikin raha ta faɗa, Yaya har ya yi dariya, don shi bai san komai ba. Na so in ja shi gefe in gaya masa maganar hannun, amma tana tsaye, kuma yana sauri kada dare ya yi musu a hanya. Na ce zan kira shi.

Lukuti yana cikin jakar a ƙirjina muka rako su mota. Ba ta ce in ciro shi ba. Ta kama ƙafarsa da ke lilo ta murza, ta ce masa ta yi yaji, in yana son ta dawo ya biyo ta da kansa. Ya ɓangale mata baki yana dalalar da miyau.

Da na hau sama na sauke akwatin na buɗe. Ƙamshin man da take shafawa yana jikin zannuwan. Na mayar na rufe.

Talata, da safe

Gidan ya yi girma.

Alhamis, da la'asar

Na koma shagon na sayi mai zobban, launin tokan nan dai. Mai shagon ta gane ni, ta ce ai ta san zan dawo, jaka da zafi ba sa shiri. Na bar ta a haka.

Na gwada shi a gida. Hannu ɗaya ya isa, har da saura. Lukuti ya zauna a ƙuguna daram, na sunkuya, na miƙe, na hau matakala na sauko, ko motsi bai yi ba. Da ma ya zame ko sau ɗaya ne, da na samu abin faɗa wa kaina.

Na naɗe shi na mayar cikin ledarsa. Ranar Asabar zan kai mata, in kuma gaya mata komai, daga nan mu wuce asibiti ko tana so ko ba ta so.

Asabar, da yamma

Ban je ba. An kawo kaya kanti, mai kanti ya roƙe ni in tsaya. Bai ma roƙa sosai ba.

Laraba, da hantsi

Mun yi waya. Ta tambayi mijinta, na kara masa wayar a kunne, ya yi ƙoƙarin cinye ta. Ta ce muryata kamar mai mura. Na ce ita fa, ya jiki, ta ce jiki sai godiya. Na ce ina nan zuwa da wata tsaraba, ta ce Allah ya sa ba wani sirdin ba ne. Na yi dariya. Har muka yi sallama ban ce hannu ba, kuma har yau ban kira Yaya ba.

Lukuti ya fara ƙyuya. Jiya maƙwabciyarmu ta ɗauke shi ya tsala ihu sai da na karɓe.

Asabar, da safe

Ruwa ake yi tun asuba. Sati mai zuwa.

Litinin, bayan azahar

Yaya ya kira ina cikin aiki.

Alhamis, da yamma

Muna asibiti, ba a shiga ɗakin da aka kwantar da Inna da yara. Abban Lukuti yana zama da shi a benci a waje, sanye da jakar, ni ina ciki. Matar Yaya ce ta same ta a yashe a bakin banɗaki, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya tambaya ko akwai wanda ya lura da wani abu kafin ranar, ko rauni a hannu, ko nauyin harshe. Yaya ya ce sam, lafiya lau ta zo musu. Matarsa ta ce ita dai ta ga tana yawan yar da cokali. Suka juyo gare ni.

Na faɗa. A tsaye a baranda na faɗa, gaban likita da Yaya da wata mai goge ƙasa. Maganar da na kasa yi wa mutum ɗaya a ɗaki. Yaya ya tambaye ni tun yaushe, na gaya masa. Bai zage ni ba. Ya cire hularsa ya shafa kai ya mayar, ya tafi karɓo magani. Tun ranar, in zai yi mini magana sai ya dubi bango.

Ban tambayi likitan ko da an zo da wuri da abin bai kai haka ba. Ina aikin magani, na san amsar da zai ba ni, mai taushi ce wadda ba ta ce e ba ta ce a'a ba.

Lahadi, da hantsi

Ta gane ni. Ta damƙe hannuna da damarta, ta yi wata magana da ban ji ba sai da na sunkuya. Mijinta take tambaya.

Jumma'a, da la'asar

An sallame ta, tana gidan Yaya. Gobe za mu je da Lukuti. Na sa mai zobban a jakar kayana. Na sauke akwatin na ciro zani ɗaya da majanyi, na wanke su da gaske wannan karon, na goge.

Asabar, da yamma

Mun same ta a falo, zaune a kan katifa an jingina ta da filo. Ta rame. Hagun tana kan cinyarta inda aka ajiye ta. Maganarta tana fita, a hankali dai, sai ka ba ta lokaci.

Na durƙusa na gaishe ta, na ciro ledar na buɗe. Na ce ba su ƙare ba, Inna, ranar ma akwai su, na gani na ƙi saya. Na ce tsoro na ji. Ina da sauran magana da yawa da na tsara a mota, duk suka gudu. Ta shafa ƙyallen, ta sa yatsa cikin zobban ta kaɗa su. Ta ce mai kyau ne. Sai ta hango zanin a bakin jakata ta nuna shi da haɓa.

“A bayana nake son sa.”

Matar Yaya ta janye filon ta tallafe ta ta gaba. Na ciro Lukuti daga jakar, na kwantar da shi a bayanta, na rufa zanin, na zagayo na soke mata a ƙirji. Na kawo majanyin na ƙulle da hannuna biyu, na ja har sai da ta ce zan karya ta. Ta ɗan karkata kai tana kiran sa da sunayen da take kiran sa, tana motsa kafaɗar dama, don ita kaɗai ke jijjiguwa.

Lukuti ya lafe kamar yana tunani. Sai ya banƙare. Ya tsala irin ihun da ya yi wa maƙwabciya, yana tura bayanta da hannu biyu, yana juyo da kai yana nema na. Na ce yunwa ce. Matar Yaya ta ce zafi ne, ta kunna fanka. Inna ta ci gaba da motsa kafaɗar tana yi masa 'yar waƙar da take yi masa da, kalmomin suna fita a karkace. Ihun ya ƙaru har yana shiɗewa. Yaya ya leƙo daga ƙofa ya koma.

Ta daina motsin. Ta ce, “Sauke shi, Auta. Bai san bayan ba.”

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, na ja shi da yawa, sai da na sa haƙori. Na ɗauke shi na rungume, na zagaya falon, na ba shi nono ya ƙi. Ban so in yi a gabanta ba, Allah ya sani ban so ba, amma numfashinsa har yana sarƙewa. Na ɗauki jakar na ɗaura, na zura shi, na kai hannu baya. Yana jin ƙas ɗin nan ya kwantar da kai a ƙirjina, ya ja ajiyar zuciya, ya yi tsit.

Inna tana kallon mu, zanin yana zube a ƙugunta. Na duba fuskarta ko zan ga gori ko fushi, da na samu sauƙi. Babu ko ɗaya. Ta gyaɗa kai a hankali.

Ta ce, “Ya saba. Kin iya zaɓe, Auta.”

Sai ta ce wa matar Yaya ta mayar mata da filon, bayanta ya gaji.